Daskarar da abinci da sake daskarar da shi: yaushe ya halatta, yaushe ne haɗari?

A jikin kwalin kaji ko kifin ƙanƙara da ake shigo da su daga waje, sau da yawa akwai gargaɗi da Faransanci cewa kada a sake daskarar da abin da ya riga ya narke. Amma a gidajenmu na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai abin yakan faru ko mutum bai shirya ba: wuta ta ɗauke da rana, nama ya saki, da dare ta dawo ya sake daskarewa. Ga kuma ragowar miyar jiya da uwargida ke tunanin jefawa cikin firiza. A ci ne ko a zubar?

Amsar ba ta rataya a kan sau nawa abinci ya daskare ba. Ta rataya ne a kan tsawon lokacin da ya yi cikin ɗumi tsakanin daskarewa ta farko da ta biyu.

Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta

Firigo mai aiki daidai yana riƙe abinci a digiri 4 zuwa 5. A wannan sanyin ƙwayoyin cuta suna raye, sai dai yaɗuwarsu tana tafiya a hankali. Firiza, wadda masu sayar da ita ke kira congélateur, tana kaiwa digiri 18 ƙasa da sifili. A nan ƙwayoyin sukan tsaya cak, ba sa ƙaruwa, amma yawancinsu ba sa mutuwa. Da zarar abincin ya narke sai su ci gaba daga inda suka tsaya.

Tsakanin digiri 5 da digiri 60 ne suka fi samun yadda suke so. Idan yanayi ya yi musu daidai, wasu kan ninka yawansu duk minti 20. Ke nan ƙwaya ɗaya ta zama 64 cikin awa 2, ta haura miliyan 2 cikin awa 7. Zafin ɗakin girki a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40 a garuruwanmu, yana cikin wannan iyakar.

Saboda haka firiza tana mayar maka da abin da ka ba ta ne. Naman da ya shiga da tsabta zai fito da tsabta. Wanda ya wuni a kan tebur kafin a sa shi zai fito da duk ƙwayoyin da ya tara, kuma idan ya narke karo na biyu daga wannan adadin za su tashi.

Batun ba ƙarami ba ne. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ke kamuwa da rashin lafiya kowace shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su mutu. Nahiyar Afirka ce ta fi jin jiki, da mutum sama da miliyan 91 masu kamuwa da 137,000 masu mutuwa. Yara ƴan ƙasa da shekara 5 su ne suka fi shiga haɗari.

Ragowar abinci: daga tukunya zuwa sanyi

OMS ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje ba a sa shi cikin sanyi ba. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ƙara da cewa idan zafi ya wuce digiri 32, awa 1 ce kawai. Wannan sharaɗi na biyu shi ne ya fi dacewa da mu a mafi yawan watannin shekara.

Babbar tukunyar miya ko ta shinkafa da wake ba ta hucewa da wuri. Ko an sa ta a firigo, tsakiyarta kan yi awoyi tana da ɗumi, kuma a irin wannan wurin ne ƙwayar Clostridium perfringens ke yaɗuwa cikin miyar nama. Mafita ita ce a raba abincin cikin ƙananan robobi masu faɗi, kada kaurinsa ya wuce santimita 5. Idan ana sauri, a tsoma gindin tukunyar cikin bahon ruwan sanyi ana juyawa. Ba sai abinci ya huce sarai ba. Da zarar tururi ya daina tashi ana iya sa shi.

Ragowar abinci tana yin kwana 3 zuwa 4 a firigon da wuta ba ta yanke masa ba. A cikin waɗannan kwanakin ana iya mayar da ita firiza, amma gara a yi hakan tun ranar farko ko ta biyu. Wanda ya jira sai ta fara canza wari ya makara, don daskarewa ba ta gyara abin da ya fara lalacewa.

Shinkafa tana buƙatar kulawa ta musamman. Ƙwayar Bacillus cereus tana da ƙwanso mai jure dahuwa. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe cikin ɗumi, ƙwayar kan farfaɗo ta saki guba mai sa amai, kuma ɗumame ba ya karya wannan gubar. Haka gubar Staphylococcus aureus, wadda ke shiga abinci daga hannu ko hancin mai girki. Shi ya sa shinkafa, taliya ko dambun da suka kwana a waje cikin zafi ba su da tabbas ko an ɗumama su sosai. Hanci da harshe ma ba alƙalai ba ne a nan: abinci na iya ɗauke da ƙwayar salmonela alhali ƙamshinsa da ɗanɗanonsa ba su canza ba.

Yadda ake daskarar da abinci

A raba shi gwargwadon girki ɗaya ko ci ɗaya. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace, domin wanda ya ɗaure nama kilo 5 a leda guda dole ya narkar da shi duka don ya ciri na miya ɗaya.

A matse iska daga leda a ɗaure, sannan a shimfiɗa ta ta yi faɗi, don ta fi saurin daskarewa da narkewa. Iska ce ke busar da saman nama ya yi fari-fari. Wannan ba cuta ba ce, ana iya yanke wurin a dafa sauran.

A rubuta kwanan wata a jikin leda ko roba. Kada a cika gora ko kwalba har baki da miya, zoɓo ko lemun citta, saboda ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare.

A raba ɗanyen nama da kayan sha. A gidaje da shaguna da yawa, firiza guda ce ke ɗauke da kaji da kifi da ledojin ruwa da na zoɓo. Idan wuta ta ɗauke, jinin nama yakan gangaro kan ledar da yaro zai fasa da haƙori. Nama ya zauna a ƙasa cikin roba mai murfi, kayan sha a sama.

A duba taurarin da ke jikin ƙofar wurin ƙanƙara. Tauraro ɗaya na nufin digiri 6 ƙasa da sifili, biyu 12, uku 18. Mai taurari huɗu ne aka ƙera don daskarar da ɗanyen abinci. Ƙaramin akwatin da ke saman wasu firigo na yin ƙanƙara ne da ajiyar ƴan kwanaki.

Lokacin Layya, kada a loda wa firiza naman rago gaba ɗaya a dunƙule, don na tsakiya zai daɗe bai daskare ba. A baza ledojin, in sun yi tauri a jera su. Kayan ciki a dafa su tun ranar yanka. Gashi da suya da aka saba yi suna rage wa firiza nauyi, kuma sun fi jure yankewar wuta.

Idan sanyi bai taɓa katsewa ba, abinci ba ya zama haɗari a firiza, daɗinsa ne ke raguwa. Miya da dafaffen abinci sun fi daɗi cikin wata 2 zuwa 3, niƙaƙƙen nama wata 3 zuwa 4, kifi mai kitse wata 2 zuwa 3, yankakken kaza wata 9, naman sa da na rago wata 4 zuwa 12. Burodi da markaɗen tumatir da tattasai suna daskarewa lafiya. Salak, kokwamba, mayonez da dafaffen ƙwai kuwa lalacewa suke, ɗanyen ƙwai kuma ɓawonsa fashewa yake.

Hanyoyin narkarwa

Hanya mafi aminci ita ce a sauko da abincin cikin firigo tun daren jiya, a sa faranti a ƙarƙashinsa. Kaza guda kan ɗauki kwana ɗaya ko fiye. Idan ana gaggawa, a sa shi cikin ledar da ba ta yoyo a nutsar cikin ruwan sanyi, ana canza ruwan duk minti 30, a dafa nan take. Wanda aka narkar da na'urar ɗumama abinci shi ma a dafa shi nan take. Miya da ƙananan yankan nama ana iya zuba su tukunya a daskare, sai dai dahuwar ta ɗan ƙara lokaci.

Abin da bai kamata ba shi ne a ajiye nama a rana, a kan tebur ko cikin ruwan zafi. Samansa zai yi awoyi cikin ɗumi alhali cikinsa ƙanƙara ce.

Sake daskarewa

A nan hukumomi sun ɗan bambanta. Na Amurka sun ce abin da ya narke a cikin firigo, bai fita daga sanyi ba, ana iya mayar da shi firiza ko ba a dafa ba: kaza, kifi da niƙaƙƙen nama cikin kwana 1 zuwa 2, jan nama cikin kwana 3 zuwa 5. Asarar kawai ita ce ta daɗi, don ƙanƙara tana farfasa tsokar nama ya zubar da ruwansa. A Faransa kuwa shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a mayar sai an dafa. Dalilin tsaurin shi ne mai gida ba kasafai yake sanin ainihin sanyin firigonsa ba. Inda wuta ke yawan yankewa, bin wannan shawara ta biyu ya fi kwanciyar hankali.

A taƙaice, ana iya mayarwa firiza idan abincin yana da sauran ƙanƙara a jikinsa, ko ya narke cikin firigon da aka tabbatar wuta ba ta yanke masa ba. Ana kuma iya mayar da ɗanyen naman da ya narke aka dafa shi sosai, aka huce da shi da wuri.

Sai an dafa kafin a mayar idan da ruwa ko da na'urar ɗumama abinci aka narkar. Haka kaji da kifin ƙanƙara na kasuwa waɗanda suka iso gida a sake, domin ba wanda ya san sau nawa suka narke a hanya. Alamomin da ke nuna kaya sun taɓa narkewa su ne dunƙulen ƙanƙara mai launin jini a gindin leda, yanka-yanka da suka manne wuri guda, da kwalin da ya jiƙe ya bushe.

Ba a mayarwa, ba a kuma ci, idan nama, kifi, miya ko shinkafa sun narke sun yi ɗumi fiye da awa 2. Kirim mai sanyi da ya narke a zubar. Nonon uwa da aka tatsa aka daskarar, idan ya narke, ba a sake daskarar da shi.

Idan wuta ta ɗauke

Babban abin yi shi ne a bar ƙofa a rufe. Firigon da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kusan awa 4. Firiza cikakkiya tana kai awa 48, mai rabin kaya awa 24. A tsakiyar bazara, ko idan robar bakin ƙofa ta saki, lokacin kan gaza haka. Cike gurbin da ba kowa da gorunan ruwa yana ƙara mata juriya, kuma ana iya ɗaukar gorunan da suka daskare a sa a firigo ko cikin kula.

Wanda zai yi tafiya yana iya daskarar da ruwa a kofi, ya ɗora dala ashirin a kan ƙanƙarar. Idan ya dawo ya tarar da kuɗin a gindin kofi, firizar ta narke sarai a bayansa, ko da yanzu komai ya sake tauri. Dabarar ishara ce kawai. Ƙaramin ma'aunin zafi na firigo ya fi ta tabbas: abin da bai haura digiri 4 ba yana nan lafiya.

Ɗumame

A ɗumama abin da za a ci kawai, sau ɗaya. Miya ta tafasa sosai ana juyawa, shinkafa da nama su yi zafi har ciki, sama da digiri 70. Kada a zuba tsohuwar miya cikin sabuwa, don hakan yana jawo kwanakin tsohuwar zuwa cikin sabuwar.

Ga jarirai, mata masu juna biyu, tsofaffi da marasa lafiya, a ƙara tsanantawa. Ƙwayar Listeria tana iya yaɗuwa ko cikin sanyin firigo, kuma tana da haɗari ga ɗan da ke ciki. Gara a ba su sabon girki.

Idan wani ya kamu da amai ko gudawa bayan cin abinci, a fara ba shi ruwan SRO kaɗan-kaɗan. A garzaya asibiti ko CSI mafi kusa idan akwai jini a bayan gida, zazzaɓi mai zafi, aman da ya ƙi tsayawa, ko yaro ya daina fitsari, idanunsa suka faɗa. Zubar da abinci yana da ciwo a wannan zamani na tsada, amma kuɗin roba ɗaya ta miya bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba.