Dajin Rugu: wa ya biya kuɗin tsaron shi, kuma yaushe aka daina?

1/ In ka ce "Rugu" yau, abin da ke zuwa ran ɗan Zakka ko Batsari shi ne babura, bindiga da kuɗin fansa. Amma a takardar gwamnati sunan shi gandun daji ne, wato wurin da hukuma ta keɓe, ta ce ita za ta kula da shi. Ku biyo ni mu bi sawun kuɗin da aka riƙa kashewa a kan shi. Zaren na da ɗan tsawo.

2/ Dajin ya miƙe ta yammacin jihar Katsina, daga wajen Jibiya ya ratso Batsari, Safana, Ɗanmusa har Ƙanƙara, ya haɗe da dazukan Zamfara. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo tsarin keɓe daji da doka, musamman dokokin gandun daji na 1916 da 1937. A Arewa, yawancin irin waɗannan dazuka suna hannun En'e ne.

3/ Nan ne abin ya ke. En'e na da baitulmali, tana karɓar haraji da jangali, daga ciki ta ke biyan malaman daji da masu gadi. Ba ka sare itace sai da izini, ba ka buɗe gona cikin gandu. Hakimi da dagaci sun san iyaka, kuma ana tuhumar su in an ƙetare ta.

4/ Kar a ɗauka yabon Bature na ke. Tsarin ya takura talaka, an hana mutane dajin kakanninsu, kuma wasu masu gadin cin hanci ne sana'arsu. Amma akwai mutum mai albashi wanda aikin shi kenan ya taka dajin da ƙafa, kowane wata ana biyan shi.

5/ Bayan 'yanci aka ƙara wani abu. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo a 1965. Yankin Ruma da Kukar Jangarai, nan gefen mu, na cikin wuraren farko da aka gwada tsarin, da tallafin hukumar USAID ta Amurka. An haƙa madatsun ruwa don shanu, an shata wuraren kiwo, aka ce makiyayi ya zauna wuri guda ya samu ruwa da ciyawa da likitan dabbobi.

6/ Burtali ma na cikin lissafin. Burtali ai hanya ce, kamar titi, sai dai ta shanu. In aka bar ta ba alama, ba mai dubawa, damina ɗaya ta isa manomi ya matso da kunya biyu, badi ya ƙara uku. Bayan shekara goma shanu su zo su tarar da gero a inda suka saba bi. Sauran labarin kun san shi.

7/ Tallafin waje yana da wa'adi. Ya ƙare, Amurkawa suka tattara. Sai gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa filaye a hannun gwamna. Dajin ya koma ƙarƙashin ma'aikatar jiha, a Kaduna tukuna, sannan Katsina daga 1987. Mai iko da shi ya yi nisa da shi.

8/ Kuma fa ba kuɗi ne suka ɓace daga ƙasar ba. A 1981 aka kafa asusun kula da muhalli na tarayya, ana cire kaso daga asusun ƙasa ana zubawa. Tarayyar Turai ta wancan lokaci, EEC, ta sa kuɗi a shirin dashen itatuwa na Katsina tun ƙarshen shekarun 1980. A 2015 aka kafa hukumar Great Green Wall, Katsina na cikin jihohinta 11.

9/ Ku lura da irin kuɗin. Kusan duk na "aiki" ne: a raba dashe, a haƙa rijiya, a kafa allo, a ɗauki hoto. Albashin mai gadi, man babur ɗin shi, yashe madatsar da ta cike da ƙasa, sake kafa duwatsun iyakar burtali, waɗannan ba wanda ke yanka ƙyalle a kan su, don haka su ne ake fara mantawa a kasafi.

10/ Ba ina cewa rashin mai gadi kaɗai ya haifi 'yan bindiga ba. Akwai satar shanu, rashin adalci a kotu da ofishin 'yan sanda, makamai masu shigowa ta iyaka, ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da Fulani. Amma duk suna buƙatar maɓoya, kuma sun same ta a dajin da hukuma ta riƙe a takarda ta sake a ƙasa.

11/ Fabrairun 2020, harin Tsauwa da Ɗankar a Batsari ya ci rayuka kusan 30. Disambar shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka shige daji da su. A ƙarshen 2020 ɗin dai aka amince da sabbin gandayen daji na ƙasa guda 10, har da Kogo a Katsina. Rugu ba ya ciki.

12/ Yulin 2021 Buhari ya amince da naira biliyan 6.25 don wuraren kiwo na zamani a Katsina. Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 na shirin ACReSAL, don farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Wannan ɗin rance ne, mu matasa za mu biya.

13/ To 'yan Safana da Batsari da ke nan, in ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi abu biyu: ma'aikatan gandun daji nawa ne ke karɓar albashi a ƙaramar hukumarku yanzu, kuma nawa aka ware a kasafin bana don madatsun Ruma da burtalolin da suka bi ta Zakka da Runka? Wanda ke da takardar kasafin ya ɗora mana a ƙasa.