'Yar Tsana a Ƙasar Ruma: Tarihin Ɗinki da Saƙar Kayan Wasan Yara

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ambaci ƙasar Ruma a gaban masana tarihin Katsina, abin da yakan fara zuwa zuciya shi ne ganuwa da doki da mashi. Ba mu ga laifin haka ba, domin wannan yanki, wanda a yau ya ƙunshi ƙananan hukumomin Batsari da Safana, ya shafe mafi yawan ƙarni na 19 yana bakin daga. To amma a cikin kowace ganuwa akwai gidaje, a cikin gidajen akwai mata da ƙananan yara, yaran nan kuwa ba su daina wasa ba don ana yaƙi. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi diddigin abu ɗaya daga cikin kayan wasansu, wato 'yar tsana, mu ga yadda ta tashi daga kara da tsumma ta koma abar ɗinki da saƙa, da kuma abin da ya same ta daga baya. Da yake kara da tsumma abincin gara ne, hujjojinmu za su fito ne daga harshe, da tarihin sana'o'i, da tarihin makarantu.

Zamanin Kara da Tsumma

Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina wajen 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, daga can kuma suka riƙa kawo hari, musamman a zamanin Ɗanbaskore. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya yi bayanin wannan zamani a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981. Ƙauyuka suka watse, daji ya cinye gonaki, jama'a suka tattaru a garuruwa masu ganuwa kamar Ruma da Zakka, wadda Heinrich Barth ya ratsa a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato. A irin wannan zama ba a yin almubazzaranci da tufa. Kowane ƙyalle ya ci kwanakin mace tana gurza auduga, tana shiɓa, tana kaɗi da mazari, kafin masaƙi ya taɓa shi. Saboda haka sai tufa ta mutu murus sannan take faɗawa hannun yara.

A nan ne ya kamata mu lura da wani abu da ake yawan tsallakewa. A tsohon tsarin sana'o'in Hausa, kaɗi na mata ne, amma ɗinki aikin maza ne. Maza ke haɗa sawaye su zama riga, su ke yi mata aiki. Wannan ya sa 'yar tsanar dauri ba ɗinka ta ake yi ba, naɗe ta ake yi. Akan sami guntun karan dawa, ko totuwar masara, ko ƙashin ƙafar akuya, a naɗa masa tsumma, a ɗaure da zare, a yi masa gashi da baƙin zare ko abawa, a rataya masa 'yan duwatsun wuya. Sau da yawa ba ta da hannu, ba ta da ƙafa, fuskar ma a shafe take. Yarinya ba ta damu ba, tunda abin da take bukata shi ne abin goyo. Za ta ɗaura ta da majanyi, ta yi mata wanka, ta dafa mata tuwon ƙasa, in ta isa aure kuma ƙawaye su taru a yi biki da gara da kai amarya, ba a rage komai. Yara maza kuwa nasu dokin kara ne, abin da ba zai ba kowa mamaki ba a ƙasar da barade ke fita kullum.

Kada kuma a ɗauka cewa dabarar cusa abu mai laushi cikin tufa baƙuwa ce. Da audugar rimi ake cika matashin kai, da ita ake cika lifidi, rigar kariyar doki da mahayinsa. Gwanintar tana nan, sai dai tana hannun maza, kuma tana hidimar yaƙi da sarauta.

Matsayin Malamai

Wani zai tambaya, ta yaya abu mai siffar mutum ya tsira a ƙasar da jihadi ya kafa hukuma, alhali an san tsananin shari'a game da mutum-mutumi? Amsar tana cikin littattafan da malaman ke karantawa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha ta kasance tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sun kuma ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu cewa matan Madina sukan yi wa yaransu abin wasa da gashin tumaki ran Ashura, domin su ɗauke musu hankali daga yunwa har a sha ruwa. Alƙali Iyal, ɗaya daga cikin manyan malaman Malikiyya, ya bayyana cewa an keɓe 'yan tsanar yara mata daga hanin, saboda suna koya musu reno. Muna ganin wannan hadisi na biyu ya cancanci kulawar malaman tarbiyya, domin a cikinsa uwa ce ke ƙera abin wasa da hannunta don wata manufa ta horo.

Shigowar Ulu da Kwarashi

Harshe da kansa yana nuna mana tsufan kowane kaya. Allura kalma ce da muka aro daga Larabci tun da daɗewa. Ulu da kwarashi da suwaita da tela kuwa duk ta bakin Turawa suka iso mana. Ita kalmar saƙa tamu ce, amma da can aikin masaƙa take nufi, sai aka faɗaɗa ta ta ɗauki wannan sabon aiki na tsinke da ƙugiya.

Ƙofar da sabon aikin ya bi ita ce makaranta. A 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka buɗe makarantar 'yan mata a Katsina, tare da takwararta ta Kano. Malaman matan Turawa ne, darussan kuma sun fi karkata ga tsabta da reno da ɗinki da saƙa. Su matan nan sun taso ne a lokacin da kayan wasa masu laushi ke tashe a Turai. A 1880 wata tela Bajamushiya, Margarete Steiff, ta ɗinka ɗan giwa don a riƙa soka allura a jikinsa, yara suka mai da shi abin wasa, daga nan kamfaninta ya samo asali. Tsakanin 1902 da 1903 ne kuma ɗan beyar nan da aka laƙaba wa sunan shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya fito. Wato ke nan, dabbar ƙyalle da a yau ake gani kamar tun fil azal take, ba ta girmi zuwan Turawa Katsina a 1903 da wani abin kirki ba.

Amma mu yi hattara. Makarantar birni ta 'ya'yan sarakuna da ma'aikatan En'e ce, tsakaninta da matan Runka ko Wagini akwai tafiya mai nisa. Abin da ya kai allura hannun matan karkara ya fi kama da ciniki. Akoko da atamfa suka yi araha, aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, kaɗi ya fara ja da baya, teloli suka yawaita a kasuwanni, ƙarƙashin kowane keken ɗinki kuma ga tarin ƙyallaye masu launi da ba a sayarwa. Yarinyar da kakarta ta jira tsumma, ita sai ta je wurin tela ta roƙo. Daga nan 'yar tsana ta sami hannu da ƙafa da riga da ɗankwali. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ƙara yawan 'yan mata a aji, sannan shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987 ya baza cibiyoyin koyon ɗinki da saƙa. Gaskiya ne abin da aka fi saƙawa shi ne hula da safa da suwaitar jarirai, domin su ke da kasuwa ran suna da lokacin hunturu. Abin wasa daga ragowar ulu yake fitowa, ba a taɓa ɗaukarsa sana'a mai cin gashin kanta ba.

Roba da Gwanjo

Wannan zamani bai yi tsawo ba. 'Yar tsanar roba ta shigo da idanu masu launi da gashi mai santsi, dilolin gwanjo kuma suka zo da tsofaffin dabbobin ƙyalle na yaran Turai. Masaƙun Kaduna da kansu suka durƙushe, ta farko a cikinsu ta rufe a 2002. Ba za mu tsaya kuka a kan wannan ba. Abin da ya dame mu shi ne, ta roba a gama take zuwa, ba ta bar wa yarinya aikin yi ba, alhali rabin amfanin ta gargajiya yana cikin haɗa ta.

Halin da Rikici Ya Jefa Yara

Tun daga shekarun 2010 dajin Rugu ya sake zama mafakar mahara, kamar dai ƙarni na 19 ya dawo da babur a madadin doki. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum kusan 30 a Tsauwa da Ɗankar cikin Batsari. A Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana. Iyalai da dama sun bar ƙauyukansu zuwa garin Batsari da Dutsin-ma da Katsina. Wanda ya gudu cikin dare ba ya ɗaukar abin wasa, kuma tsofaffin matan da suka san naɗin kara sun rabu da jikokin da za su koya wa.

A nan ne kwalejojin ilimi ke da abin yi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce ta hanyar wasa za a koyar da yara kafin firamare, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta shigar da renon ƙananan yara cikin tsarinta. Duk da haka ɗalibanmu sukan zana hoton abin wasa a takarda don cin jarrabawa, maimakon su ɗinka shi. Kayan aikin kuwa ba su fi ƙarfin kowa ba: ƙyallen tela, da allura, da zare, da audugar cikawa. Sai dai a cire gurya sarai, domin tana jawo ɓera. A yi idanu da zare, kada a sa maɓalli ko dutsen ado ga abin da yaro ɗan ƙasa da shekara 3 zai kai baki. A ninka ɗinki a wuya da hammata, inda ake yawan ja. Audugar rimi ta fi laushi, amma takan dunƙule in an wanke, don haka abin da yara da yawa za su yi ta taɓawa a aji gara a cika shi da yankakken ƙyalle. Muna kuma ba da shawarar a tura ɗaliban sashen Hausa da na tarihi wurin tsofaffin matan Ruma da ke zaune a Batsari da Katsina, su ɗauki bayaninsu a kan sunayen kayan da yadda ake naɗin, a ajiye samfurin kowace iri a gidan tarihi na Katsina tare da sunan garin da ta fito.