Bashin da Ba Ka Ci Ba: Daga Zauren Fatoma Zuwa Lambar BVN

Baƙon ɗan kasuwa da ya shigo Kukawa a zamanin Shehu Umar, ko daga Kano ya taso da turkudi ko daga Fezzan ya keto Sahara, ba ya zarcewa kasuwa. Gidan fatoma yake fara sauka. Kalmar ta Barebari ce, ma'anarta mai gida, kuma aikinsa ya wuce ba da masauki da tuwo. Shi ke ajiye wa baƙo kaya, ya haɗa shi da dillali, idan ciniki ya kai ga bashi ya tsaya a tsakani. Matafiya biyu Jamusawa, Barth da ya iso a 1851 da Nachtigal a 1870, sun bar bayanin Kasuwar Litinin ta Kukawa, inda ake ciniki da wuri da azurfar Mariya Tariza. Babu mai ɗauke da katin shaida a cikin wannan cincirindo. Wanda zai ci bashi sai an san fuskarsa, an san mai masaukinsa.

Rabeh ya rushe Kukawa a 1893. A 1907 Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, wato Maiduguri ta yau, kasuwar da al'adarta suka biyo shi. Har yau a kasuwar kifi ta hanyar Baga da Kasuwar Shanu, sunan fatoma na da nauyi, kuma ana ɗora wa mota banda ta miliyoyin naira zuwa kudu a kan kalmar mutum ɗaya.

To idan aka yi musu fa? A nan ne tsohon tsarin ya fi burgewa. Alƙalan Borno Malikawa ne, da littattafan Risala da Mukhtasar da Tuhfa suke hukunci, kuma ƙa'idarsu a fili take: wanda ya ce yana bin bashi, shi zai kawo shaidu. Adilai biyu, ko ɗaya ya haɗa da rantsuwarsa, tunda maganar dukiya ce. Idan ya kasa, wanda ake tuhuma ya rantse ya kama gabansa. Risala ma ta ƙara wani shinge da mutane da yawa ba su sani ba: ba a ɗora wa mutum rantsuwa sai an tabbatar akwai cuɗanya tsakaninsa da mai ƙara, ko wani dalilin zargi. Wato ba dama wani ya wayi gari ya ja mutumin da bai taɓa hulɗa da shi ba zuwa gaban alƙali don ya tozarta shi. Ɗan'uwa ko maƙwabci kuwa, muddin bai yi lamuni ba, ba ruwansa da bashin. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma almajirin Yerwa ya san wannan tun yana wanke allo.

Ba a ce zamanin ba shi da azzalumai ba. Akwai shaidar zur, akwai mai kuɗin da talaka ba ya iya ja da shi. Amma cin bashi da sunan wani abu ne mai wuya, don sai ka ari fuskarsa.

Zamanin Turawa ya kawo takarda. Rasidin haraji ya zama abin da matafiyi ke nunawa a hanya, kantunan kamfanoni suka fara rubuta masu karɓar kaya a littafi, jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, bankuna suka yawaita. Duk da haka manajan banki kan nemi wanda ya san ka ya sa maka hannu. Fatoma ne dai ya sa kwat.

Sauyin gaske na ƙarni na 21 ne. An kafa hukumar katin shaidar ɗan ƙasa, NIMC, a 2007. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar tantance masu asusun banki, BVN, a Fabrairun 2014, sannan a Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN. Mutum ya koma lamba goma sha ɗaya. Abin lura shi ne lokacin da wannan ya faɗo wa Maiduguri: shekarun da dubban ɗaruruwan mutane suka tsere daga Bama da Gwoza da Baga da Dikwa, da yawa ba ko takarda ɗaya a aljihu, suka cika sansanonin 'yan gudun hijira na Bakassi da Dalori da gidajen 'yan'uwa. Wanda ya kwana da yunwa, idan aka ce masa ga fom na tallafi, kawo lambarka, ba ya tambayar wa ya aiko. Tsohuwar da ba ta karatun boko kuwa, katinta da lambar sirrinta take miƙa wa yaron da zai ciro mata kuɗi.

A daidai wannan lokaci manhajojin ba da rance suka mamaye wayoyi. Ba sa ganin fuska, ba sa neman mai tsayawa. Lamba da layi sun isa, cikin mintuna kuɗi sun shiga. Ranar biya ta wuce, sai kira ya fara sauka a kan mai sunan, wanda wataƙila bai san an yi ba, saƙonni kuma su bi surukai da abokan kasuwa ana kiransa ɓarawo. A garin da jarin ɗan kasuwa shi ne sunansa, wannan ya fi kuɗin ciwo.

Hukuma ta farka, ko da yake a makare. A Agustan 2021 hukumar fasahar sadarwa, NITDA, ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda keta sirrin mutane. A Maris na 2022 hukumar kare masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu manhajojin a Legas, daga baya ta wajabta musu rajista. Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobin da ke wayar mutum da hotunansa a 2023, shekarar da aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri ga mai amfani da sunan wani, dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba mutum damar ƙalubalantar abin da aka rubuta a kansa, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta hana kama mutum a kan rikicin bashi zalla, ko kama wani a madadin wani.

Dokoki ke nan birjik, sai dai duk a kan wanda aka zalunta wahalar take komawa. Shi zai je banki, shi zai je caji ofis, shi zai yi takardar rantsuwa a kotu, shi zai rubuta wa hukumomin da ke Abuja da Turanci. Wanda ambaliyar madatsar ruwan Alau ta Satumban 2024 ta tafi da takardunsa, ko gobarar Kasuwar Litinin ta Fabrairun 2023 ta cinye littafin shagonsa, da me zai fara? A Amurka, tun gyaran dokar 2003, wanda ya kai rahoton an saci sunansa, cikin kwanakin aiki huɗu ake toshe bashin daga tarihinsa, kuma ba a yarda a sayar da bashin ko a miƙa shi ga masu karɓa ba. Wannan ya fi kusa da abin da alƙalin Yerwa yake yi shekara ɗari da suka wuce fiye da abin da jikokinsa ke fuskanta yau.

Mai karatu, idan irin wannan kira ya same ka, kada ka biya ko sisi don a ƙyale ka, domin za a iya riƙe biyan a matsayin amsa bashin. Ka ajiye saƙonnin, ka sanar da bankinka a rubuce, ka kai ƙara FCCPC, sannan ka ce wa mai kiran ya kawo shaidar cewa kai ne ka karɓa.