Daga Fulotin Auduga Zuwa Fulotin Gini: Tarihin Neman Abinci A Ƙasarmu

Duk ɗan Damba da ya taso daga Kaduna ko Abuja zai zo gida, da ya wuce Tsafe ya hango dutsen Kwatarkwashi, ya san tafiya ta zo ƙarshe. Wannan hanya da muke bi mu zo hutun Sallah, ita ce a da baƙi suke bi su zo neman abinci wajenmu. Yadda aka yi al'amarin ya juya shi ne abin da muke so mu waiwaya.

Tun daga 1811 da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau, noma ne ƙashin bayan rayuwar ƙasar nan, sana'a kuwa aikin rani ce. Da an kai amfani rumbu, wani ya koma saƙa, wani marina, wani jima ko ƙira, mai jaki kuma ya shiga ayarin fatake. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 sai suka tsaya a kan lallai a biya haraji da tsabar kuɗi. Wannan ne ya sa magidanci ya fara ware gona guda domin auduga ko gyaɗa, ba don yana so ba, sai don kada dogari ya tsaya masa a ƙofar gida.

Jirgin ƙasa ya iso Gusau daga Zariya a 1927, ya zarce Ƙaura Namoda a 1929, daga nan garin ya sake kama. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna da sito-sito, kamfanin BCGA ya kafa injin gurzar auduga, Yarbawa da Inyamurai da Kwarori suka biyo dogo, Sabon Gari ta cika.

A nan ya kamata mu ɗan dakata, domin matasanmu ba su ga wannan zamani ba. Ƙunshin auduga guda, kafin ya bar ƙasarmu, bakuna nawa yake ciyarwa? Manomin Bungudu ko Tsafe ya noma, mata da yara suka tsince, mai jaki ko raƙumi ya kai fuloti, wato wurin awo. A can malamin duba zai raba mai kyau da marar kyau, akawu ya ɗora a sikeli, 'yan dako su loda wa mota. A wurin gurza lebura ya samu aikin kaka, a tasha ma'aikacin jirgi ya samu nasa, angurya kuma ta dawo wa manomi iri. Ranar biyan kuɗi kuwa, mai tuwo-tuwo da tela da mahauci da mai sayar da keke kowa ya shaida. Da aka buɗe masaƙar Zamfara cikin shekarun 1960, ga kuma kamfanin matsar mai, sai ɗan ƙauye ya koyi zuwa aiki da agogo da karɓar albashi a ƙarshen wata. Ba mu ce zamanin ba shi da zalunci ba. An sha tauye manomi a sikeli, kuma hukumar ciniki ce take yanke farashi, ita take kwashe mafi tsokar riba. Amma kuɗin da ke yawo a cikin Gusau daga gonakinmu suka fito, don haka birni ba ya iya mantawa da ƙauye.

Rushewar ba ta zo rana guda ba. Farin 1973 ya karya manoma, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, kuɗin man fetur kuma suka ɗauke hankalin hukuma daga gona. A 1986 aka soke hukumomin cinikin amfanin gona, darajar naira ta faɗi, jirgi ya yi ta ja da baya har dogo ya zama wurin shanya. Atamfar fasa-ƙwauri da rashin wutar lantarki suka kashe masaƙu: ta KTL a Kaduna ta rufe a 2002, tamu ma injinanta suka yi shiru. Yawancinmu a cikin waɗannan shekaru muka ɗaura kaya muka fita, wasu da takardar makaranta, wasu da jarin tireda, wasu kuwa da ƙarfinsu kawai.

Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau ta zama hedkwata, muka yi murna, kuma murnar tana da hujja. Ofisoshi suka zo da ma'aikata, ma'aikata suka nemi muhalli, gari ya miƙo ta hanyar Zariya har ya haɗe da Damba. Birkila da kafinta da mai buga bulo da ɗan kabu-kabu suka samu abin yi, kafa jami'ar tarayya a 2013 ya ƙara wa gidan haya daraja. Sai dai kalmar fuloti ta sake ma'ana a bakinmu. Gonar da ta biya harajin kakanninmu an yanka ta an sayar, sau da yawa mu na birni ne masu saye, wani lokaci ma mu ne masu matsa wa 'yan'uwa a raba gado a sayar. Kasuwa kuwa ta koma jiran albashi: in an biya ta motsa, in an yi jinkiri kowa ya ji a jikinsa.

A kan wannan rauni ne matsalar 'yan bindiga ta sauka. Manoma da yawa na ƙasar Tsafe da Bungudu sun bar gonakinsu na nesa sun tare a gefen Gusau, wanda ya saba cika rumbu ya koma ga-ruwa ko turin baro. A Satumban 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya a jihar, da yawanmu mun yi makonni ba mu ji muryar iyayenmu ba, kuɗin cefanen da muka saba turawa ta waya sai da muka koma damƙa wa direban mota a tasha, kamar yadda iyayenmu suke yi a zamanin cin rani.