Me ya sa gem yake cijewa a kwamfuta, alhali yana tafiya lafiya a PlayStation? 🧵

1/
Shekaran jiya ƙanina ya turo min saƙo wai zai sayar da laftof ɗinsa, ya gaji. Wata da watanni ya yi yana tara kuɗinta, amma gem sai ya riƙa cijewa, wani lokacin ya fice da kansa ana tsakiyar wasa. Na ce masa dakata tukuna, ni ma na taɓa ɗaukar tawa zuwa kasuwa saboda haka. Matsalar nan ta girme shi nesa ba kusa ba. Ku matso in ba ku tarihinta.

2/
Da farko, direba. Ba na mota ba 😅 Manhaja ce da ke tsakanin gem da katin hoto, aikinta tafinta. Gem zai ce a zana mutum yana gudu, direba ya juya zancen zuwa yaren da katinka yake ji. PlayStation 5 kusan ƙira ɗaya ce a duk duniya. Kwamfuta kuwa taka daban, ta abokinka daban: kati daban, furosesa daban, Windows daban. Daga nan duk rigimar ta samo asali.

3/
A zamanin DOS, farkon shekarun 1990, babu tafinta na kowa da kowa. Mai rubuta gem shi zai koyi yaren kowane katin sauti da kansa. Kai kuma mai bugawa, kafin ka ji ko ƙarar bindiga sai ka faɗa wa gem sunan katinka da lambobinsa. Ka kuskure lamba ɗaya, ko dai ka ji shiru, ko kwamfutar ta sandare.

4/
Ga kuma ƙangin 640KB. Komai yawan RAM ɗinka, wannan ɗan gurbin DOS yake ba manhaja kai tsaye. Mutane su buɗe config.sys da autoexec.bat, su goge layi su ƙara layi, duk don su tsira da 'yan kilobait. Wasu har faifan fulofi suke warewa na kunna kwamfuta saboda gem guda ɗaya tak.

5/
Sai Kirsimetin 1994. Disney ta fitar da wani gem na yara a kan fim ɗin The Lion King, an gina shi a kan wata fasahar Microsoft mai suna WinG. Ashe Compaq ta sa wa kwamfutocinta na Presario wani katin hoto wanda ba a gwada direbansa da WinG ba. Iyaye sun sayi kwamfuta sabuwa fil, sun sayi faifai, yara sun zauna, ana kunnawa sai ta ɗauke. Wayoyin ƙorafi suka yi wa Disney ruwa.

6/
Abin ya ƙara wa masu yin gem tsoron Windows, dama can sun fi yarda da DOS. A cikin Microsoft akwai mutum uku, Alex St. John da Craig Eisler da Eric Engstrom, da suka nace sai an samar da yare ɗaya: mai gem ya yi magana da shi, masu ƙera kati su rubuta direban da ke jin sa. A watan Satumba 1995 ya fito. Shi ne DirectX ɗin da kuke gani yana shiga duk lokacin da kuka sa sabon gem.

7/
(Sunan Xbox ma daga nan ya fito, akwatin DirectX ke nan. Kuma wanda ya jagoranci kai Doom kan Windows 95 a lokacin yana ma'aikacin Microsoft shi ne Gabe Newell, wanda ya bar aiki ya kafa Valve a 1996, masu Steam.)

8/
Akwai wani labari da nake so ƙwarai. SimCity na DOS yana da kuskure: zai saki wani yanki na RAM ya ce ya gama da shi, sannan ya koma ya karanta daga ciki. A DOS ba komai. A Windows 95 kuwa sai ya mutu. Maimakon a ce wa masu gem su gyara, Microsoft ta sa wa Windows 95 wani ɗan layi: in ka ga SimCity ne yake aiki, kar ka yi saurin ƙwace wurin. Wato an rufa wa gem asiri ba tare da kowa ya sani ba.

9/
Wannan ɗabi'a ta rufin asiri ta koma cikin direbobin hoto, har ta wuce gona da iri. A 2001 masu gwajin kaya suka lura da wani abu a katin Radeon 8500 na ATI. Suka canja sunan Quake 3 a cikin fayil ɗin daga quake zuwa quack. Sai hoto ya ƙara kyau, gudu ya ragu. Ashe direban yana leƙen sunan gem ɗin, in ya gan shi sai ya rage ingancin hoto don lambar gudu ta hau a idon masu saye. A 2003 aka kama NVIDIA da makamancin haka a manhajar gwaji ta 3DMark03. Babu na Allah a cikinsu 😂

10/
Ban da ha'inci, ainihin dabarar tana nan har yau, kuma da amfaninta. Direban da kake saukewa cike yake da gyare-gyare na gem ɗaya-ɗaya, ɗaruruwansu. Shi ya sa yake cin data haka, shi ya sa kuma ake fitar da sabo duk lokacin da babban gem zai fito. A ganina, in katinka tsoho ne kuma gem ɗinka tsoho ne, ba dole ba ne sabon direba ya ƙara maka komai. Wani lokacin ma an gyara wa wani ne aka taka ka.

11/
Yanzu Vista, Janairu 2007. A Windows XP, in direban hoto ya rikice, da shi da Windows ɗin suke tafiya tare: shuɗin allo, ko sandarewa sai ka danne madannin kashewa. Vista ta zo da sabon tsari, WDDM, wanda ya fitar da kaso mai yawa na direba daga ƙuryar Windows. Sai dai hakan na nufin kowane kamfani ya sake rubuta direbansa, kuma ba su shirya ba.

12/
Mun san girman ɓarnar saboda wata shari'a da masu saye suka shigar da Microsoft a Amurka kan tambarin Vista Capable. Takardun da kotu ta buɗe a 2008 sun nuna cewa cikin ɗaukewar Vista sama da miliyan 1.6 da aka tattara a 2007, kashi 28.8 cikin ɗari direbobin NVIDIA ne. Na Microsoft kanta kashi 17.9, na ATI 9.3. Jama'a kuwa Vista kawai suke zagi.

13/
Amma Vista ta bar mana gado. Ta sa Windows ta riƙa sa wa katin hoto ido: in ya yi sakan 2 bai amsa ba, sai ta kashe direban ta tayar da shi. Ka san lokacin nan da allo zai yi baƙi, ya dawo, ka tarar gem ya fice amma sauran komai yana nan? Shi ke nan. A da, da kwamfutar gaba ɗaya za ta tafi da duk abin da ba ka adana ba. Wallahi ko don wannan Vista ta cancanci a sassauta mata.

14/
Ba kullum laifin direba ba ne fa. A Yuni 2015 aka saki Batman: Arkham Knight. A PlayStation 4 lafiya lau. A kwamfuta an ƙulle shi a hoto 30 a sakan, kuma yana ta in'ina ko a manyan katuna. Cikin kwana biyu Warner Bros. ta janye shi daga kasuwa, sai Oktoba ya dawo. Abin da ya sa suka ji a jikinsu: a farkon watan nan ne Steam ta fara mayar wa mutane kuɗi, matuƙar ba ka wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka buga awa 2 ba.

15/
To, ga wanda ya fi damun mu yanzu. Sheda. Ba shaidar kotu ba, wasu ƙananan manhajoji ne da ke faɗa wa kati yadda zai zana haske, inuwa, ruwa, hayaƙi, fatar mutum. Babban gem yana da dubbansu. Kuma kowanne sai an juya shi zuwa yaren ainihin katinka kafin ya yi aiki.

16/
Ku yi lissafin nan da ni. In gem yana tafiya a hoto 60 a sakan, kowane hoto yana da kusan milisakan 16.7 ya kammala. Ka jefa bam karon farko, gem ya ga ba a juya shedar wutar ba tukuna, sai ya tsaya jiran direba. Ko goma ɗaya na sakan aka ɗauka, hoto shida sun wuce ka. Shi ne wannan ɗan cijewar. Ka sake jefa bam na biyu, sumul, domin an riga an juya an ajiye.

17/
A PlayStation da Xbox kamfani ya san katin tun kafin ka saya, sai ya juya komai a can ya haɗa maka a faifai. A kwamfuta ba hali. A zamanin DirectX 11 direba ne yake ɗauke mafi yawan wannan nauyin a ɓoye. Da DirectX 12 ya zo a 2015, Vulkan ya biyo a 2016, sai aka miƙa wa masu gem ragama: ku kuka ce kuna son iko, ga shi. Wasu sun iya, wasu sun sha kashi.

18/
Elden Ring ya fito a Fabrairu 2022 yana in'ina a kwamfutocin miliyoyin naira. Abin dariya, ɗan Steam Deck da ake riƙewa a hannu ya samu sauƙi, saboda Valve ta yi masa gyara ta cikin Proton, kuma tunda ƙirarsa ɗaya ce tana iya raba wa kowa shedar da aka riga aka juya. A Maris 2023 kuma The Last of Us Part I ya zo kwamfuta da nasa salon: sai ya juya duka tun kafin ka fara. Wasu sun fi awa guda suna kallon lamba tana hawa, awa 2 ɗin Steam tana zurarewa.

19/
Abin da mutane da yawa ba su sani ba: duk lokacin da ka sa sabon direba, ma'ajiyar shedar nan ta tashi daga aiki, sai a sake daga farko. Sai ka ji mutum yana cewa sabon direba ya lalata masa gem, alhali da ya yi haƙurin rabin awa da ta daidaita.

20/
Na 2024 shi ya fi ba ni mamaki. Masu furosesan Intel mafi tsada, irin su Core i9-13900K da 14900K, suka fara ganin gem yana ficewa da saƙon wai RAM ɗin katin hoto ya ƙare. Mutum da kati mai 24GB! Aka zagi masu gem, aka zagi NVIDIA, aka yi ta cire direba ana sakawa. Ashe furosesan ne yake kuskure in aiki ya yi nauyi, musamman lokacin juya sheda. A Yuli Intel ta amsa cewa wuta ce take shiga fiye da kima. Ta fitar da gyara, ta ƙara garanti da shekara 2, amma wanda ya riga ya lalace sai dai canji.

21/
Tawa kuma fa? Laftof ce ta hannu na saya. Gem ɗin ƙwallo zai fara lafiya, bayan kamar minti ashirin sai 'yan wasa su koma tafiyar hawainiya. Na ƙona data wajen sauke direba har sau uku. Na goge Windows na sake. Daga ƙarshe na yanke hukuncin an cuce ni, na ɗauke ta sai wajen wani mai gyara, niyyata ya sa mata kuɗi ko nawa ne in rabu da ita.

22/
Dattijo ne, bai ko kunna ta ba. Ya juya ta, ya kara hancinsa a mafitar iska, ya ce, “Yaro, yaushe rabon da a buɗe ta?” Na ce, “Baba, ai ban san ana buɗewa ba.” Ya kwance, ya zaro wani abu kamar audugar katifa daga bayan fanka. Ƙurar hunturu ce ta shekaru. Ya share, ya canja man da ake shafa wa furosesa. In zafi ya yi yawa, furosesa da kati suna rage gudun kansu don kar su ƙone, shi ne tafiyar hawainiyar. Na ji kunyar zagin da na yi wa wanda ya sayar min, duk da a zuci na yi.

23/
Don haka tambayar da na yi wa ƙanina ita ce yaushe abin yake faruwa. In karon farko ne da ka shiga sabon wuri ko ka ga sabon abu, sheda ce, ci gaba da bugawa. In sai an jima ne ake raguwa, sa HWiNFO ka duba zafi, kuma ka ɗauke ta daga kan katifa. In allo ne yake baƙi ya dawo, nan ne za ka tuhumi direba: cire shi ƙaf da DDU, ka sa wanda ka san yana aiki ko da tsoho ne. In kuwa da an ɗauke wuta ne gudu yake faɗuwa, lafiyarta ƙalau, laftof ba ta ba kati cikakken ƙarfi a kan batir.

24/
Nasa ya zo da biyu. Laftof ɗin kati biyu gare ta, ƙarami na cikin furosesa da babba, kuma tun ranar da ya saya gem ɗin a kan ƙaramin yake tafiya. Muka shiga saitin hoto na Windows muka ɗora shi a kan babban, cijewar ta tafi. Ficewar ce har yanzu, jiya ma ta yi masa sau ɗaya ana minti na 80 yana cin 2 da 1. Ranar Asabar zan je da sukundireba mu ga abin da ke bayan fankarsa.