Agbekoya: Shekarar da Manoman Koko Suka Ƙi Biyan Haraji

Yaranmu na Sabo suna wucewa ta gaban Mapo da kurkukun Agodi kullum, amma kaɗan ne suka san abin da ya auku a wuraren nan a 1968 da 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa.

Agbekoya da Yarabanci na nufin manomi ya ƙi wahala. Wahalar kuwa ga ta: manomi ba shi da ikon sayar da kokonsa sai ta hannun hukumar sayen amfanin gona, ita ke yanka farashi, ta kai Turai ta ci ribar. Mu 'yan kasuwa mun san ma'anar wannan. Wanda aka hana shi ciniki, ɗan ƙwadago ne a gonar kansa. Ga cuta ta kama itatuwan koko, ga gwamnatin Jihar Yamma ta Gwamna Adeyinka Adebayo ta ƙara haraji, ga 'yan duba-gari da masu karɓar haraji suna tatsar ƙauyawa.

Sai manoman ƙauyukan Ibadan suka ce sule 30 za su biya, ba ƙari. A Nuwamba 1968 suka yi ɗango zuwa Mapo, aka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka. Rikicin ya bazu har Ogbomoso, inda aka kashe Soun, sarkin garin, a 1969. Wannan kam ɓarna ce, ba mu ga hujjarta ba, Allah Ya kiyaye. A Satumba suka fasa Agodi suka fitar da 'yan'uwansu da aka tsare.

Ƙarshenta Cif Obafemi Awolowo, yana Kwamishinan Kuɗi na Tarayya, shi ya taka har Akanran a Oktoba 1969 ya zauna da jagoransu Tafa Adeoye. Aka mayar da haraji fam 2, aka yi wa waɗanda ba su biya ba afuwa.

Sai dai akwai waɗanda ba a zauna da su ba. A ƙarƙashin manomin nan akwai lebura mai sharar gona da fasa koko, cikinsu har da 'yan ci-rani daga Arewa, masu sauka a unguwanni irin tamu kafin su shiga daji. In farashi ya faɗi, ladansa ake fara datsewa, wani lokaci sai bayan kaka a biya shi. Ba shi da ƙungiya, ba shi da gona, garin ma ba nasu ba ne. A Akanran an yi maganar haraji da farashi da zaluncin jami'ai. Ladan lebura bai shigo ciki ba.