Rabin Milimita a Maƙogwaron Bakwaini

Bakwainin da bai kai kilo ɗaya ba, idan huhunsa ya gaza, likitoci kan zura masa bututu ta baki zuwa maƙogwaro su haɗa shi da na'urar numfashi. Faɗin ramin bututun milimita 2.5 ne, mai kilo ɗaya zuwa biyu kuwa milimita 3 ake sa masa. Iskar da ake tura masa a kowane numfashi mililita 4 ce zuwa 6 ga kowane kilo na nauyinsa, kusan cikin cokalin shayi ke nan. Hankalin masu jinya yakan tafi ga na'urar da lambobinta, alhali bututun da kansa yana cikin abubuwan da ke wahalar da jaririn.

Dalilin yana cikin lissafin da Gotthilf Hagen ya fitar a Jamus a 1839, likitan Faransa Poiseuille kuma ya tabbatar a shekarun 1840. Idan iska na tafiya a natse, turjiyar bututu tana ƙaruwa daidai da tsawonsa, amma a faɗi lamarin ya fi tsanani: a rage faɗin da rabi, turjiya ta ninka sau 16. Saboda haka sauka daga milimita 3 zuwa 2.5 yana ninka ta kusan sau biyu. A 1883 Osborne Reynolds ya nuna a Manchesta cewa idan gudu ya wuce wani mizani, tafiyar takan rikice ta koma juyi, turjiya kuma ta zarce wancan lissafi. Ke nan matsin da ke rubuce a fuskar na'ura ya fi wanda ke isa huhu yayin shigar iska, domin bututu ya ci rabonsa a hanya.

Sai majina. Idan ta daskare a bango ta mai da ramin milimita 2.5 ya koma 2, turjiya ta kusa ninkuwa sau biyu da rabi. Ƙirjin jariri ya daina ɗagawa sosai, haƙarƙarinsa na lotsawa, na'ura ta hau ƙara. Iskar oksijin daga tukunya busasshiya ce, bututu kuma ya tsallake hancin da ke jiƙa ta, don haka ake ɗumama ta zuwa digiri 37 a cika ta da danshi. Nas da ke lura da ruwan na'urar danshi, take zuƙe majina idan ta taru, take hana bututu lanƙwashewa, aikinta bai gaza na mai saita na'urar ba ko kaɗan.

Me zai hana a sa babban bututu? Maƙogwaron ba zai ɗauka ba. Bututun da ya matse zoben guringuntsin da ke ƙasan igiyoyin murya yakan bar tabon da ke tsuke hanyar iska daga baya. Wanda ya yi ƙanƙanta kuma iska na zurarewa ta gefensa, sai ma'aunin na'ura ya rikice. Ga kuma mahaɗi da ma'aunin iska da ke ƙara gurbin da tsohuwar iska ke maƙalewa, jariri ya sake shaƙarta. Mililita ɗaya cikin biyar na kowane numfashi ba ƙaramar asara ba ce.

Wannan ne ya sa ɗakunan jarirai da yawa ke datse rarar tsawon bututu, ba sa kuma barin bakwaini ya daɗe yana jan numfashi ta cikinsa ba tallafi. Da zarar ya iya, sai a zare bututun a mai da shi kan iska mai ɗan matsi ta hanci.